Takunkumin 3M Aura: ya cancanci kuɗinsa ga matafiyi a lokacin annoba?

Idan ka shiga kemis ka ce a ba ka takunkumi, galibi ɗaya daga cikin uku za a miƙo maka: shuɗin nan na asibiti mai igiyar kunne, ko farin KN95 da ake ninkewa biyu, ko na yadi ɗinkin tela. Sai ka nace, ko ka je wurin masu sayar da kayan asibiti da kayan kariyar ma'aikata, kafin a fito maka da Aura na kamfanin 3M, kowane ɗaya a cikin ledarsa. Kuɗin guda ɗaya zai saya maka shuɗi masu yawa. Mai zaman gida da mai aiki a sarari ba su da buƙatar kashe wannan kuɗi. Amma wanda zai kwana a motar safa daga Kano zuwa Legas ana tsakiyar annobar da ke bin numfashi, ko maniyyaci, ko mai jinyar mara lafiya a ɗaki ɗaya, hukuncinmu shi ne ya saya, da sharaɗi biyu: ya tabbatar na gaske ne, kuma ya zauna daram a fuskarsa. In ɗaya ya faɗi, kuɗin ya tafi a banza.

Aura ba iri ɗaya ba ne, kuma launin igiyarsa kan taimaka wajen ganewa. Akwai 9205+, ƙirar kasuwar Amurka, matakin N95, mai igiyar roba shuɗiya. Akwai 9210+, jikinsu kusan ɗaya, sai dai igiyarsa saƙaƙƙiya ce, ta fi ɗorewa. Akwai 1870+ mai jar igiya, na ɗakin tiyata, wanda aka ƙara wa juriyar fantsamar jini da ruwan jiki. Sai 9320+, ƙirar Turai, matakin FFP2. Ma'aunin N95 na nufin a gwaji ya tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da aka hura masa, FFP2 kuma kashi 94. Wannan bambancin kashi ɗaya kada ya dame ka, wanda ka samu na gaske ka ɗauka. Abin da za ka kiyaye shi ne masu bawul a gaba, kamar 9211+ da 9322+. Sun fi sauƙin numfashi da sanyi, amma iskar da mai shi ya fitar tana fita ta bawul ɗin ba tare da ta bi ta matata ba. Saboda haka ba a sa wa mai tari, kuma bai dace da mai jinyar tsoho ko mai raunin garkuwar jiki ba.

Mutane da yawa kan ce ai ƙwayar bairos ta fi ramukan takunkumi ƙanƙanta, don haka aikin banza ne. Maganar za ta yi daidai da a ce takunkumin rariya ne, amma ba haka yake aiki ba. Tsakiyarsa zaruruwan roba ne sirara ƙwarai, a cukurkuɗe, waɗanda aka ɗora wa cajin lantarki tun a masana'anta, irin cajin nan da ke sa mayafi ya manne wa jiki yana ƙara da hunturu. Wannan caji ne ke fizgo ƙwayoyin da ke wucewa su maƙale. Ana gwada shi da ƙwayoyi masu girman kusan maikuron 0.3 ne (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) saboda wajen nan ne suka fi wuyar kamawa. Waɗanda suka fi haka girma karo suke yi da zare, waɗanda suka fi ƙanƙanta kuma ba sa tafiya a miƙe, kai-komo suke har su taɓa zare su tsaya. Bayan haka, bairos ba ya yawo shi kaɗai a iska, a cikin ɗigon yawu da majina yake fitowa. Sanin wannan na da amfani a aikace: duk abin da ya kashe cajin ya kashe takunkumin, ko da a ido yana nan sabo. Wanki da sabulu na kashe shi. Fesa masa sanitaiza ko wani abu mai alkohol na kashe shi. Wanda ya wanke Aura ya shanya a igiya, ƙyalle kawai ya rage masa.

Inda Aura ya yi wa sauran zarra shi ne zama a fuska. Gida uku gare shi: na sama ya hau karan hanci, na tsakiya ya tsaya a gaban baki ba tare da ya taɓa leɓe ba, na ƙasa ya shige ƙarƙashin haɓa. Da yake gidajen na motsi daban-daban, kana magana ko kana hamma ba ya zamewa kamar yadda na ninki biyu ke yi. Daga ciki akwai soso mai kauri a kan hanci, daga sama kuma ƙarfe mai tsayi da ke riƙe lanƙwasar da aka yi masa. Igiyoyinsa biyu kai suke zagayewa, ba kunne ba, kuma nan ne babban bambancin yake. Igiyar kunne ba ta iya matse takunkumi yadda ya kamata, in ta matse kuma bayan awa uku kunne ya fara ciwo, mutum ya sassauta. Shuɗin na asibiti ba a yi shi don ya toshe gefe ba tun farko. Amfaninsa ya tare abin da mai shi ke fitarwa, iskar da yake shaƙa kuwa kaso mai yawa ta kumatu da gefen hanci take shiga. Iska kullum inda babu tsaiko take bi, don haka matata mai kyau da ɓaraka a gefe ba ta da wani tasiri sosai.

Sa shi na buƙatar koyo, kuma yawancin waɗanda ke cewa bai yi musu ba, a nan suka kuskure. Ka wanke hannu tukuna. Ka buɗe gidan sama da na ƙasa gaba ɗaya har ya zama kamar ƙoƙo, ka ɗan lanƙwasa ƙarfen hancin a kan babban yatsanka. Ka ɗora shi a fuska ta haɓa, ka ja igiyar ƙasa ta sauka wuya a ƙasan kunnuwa, ta sama kuma ta tsaya a tsakiyar kai. Kada su murɗe, kada kuma su haɗu wuri ɗaya a ƙeya, domin kowace da gefen da take matsewa. Ka ja gidan ƙasa ya shige sosai ƙarƙashin haɓa, na sama ka miƙe shi kada bakinsa ya naɗe ciki. Sannan ka sa yatsun hannu biyu ka bi ƙarfen daga tsakiya zuwa gefe kana dannawa. Mintsine shi da yatsu biyu na hannu ɗaya, wanda shi ne kowa ya saba, yana yi masa tsini a saman hanci ya bar rami daidai inda iska za ta shiga. Daga ƙarshe ka rufe shi da tafin hannu biyu ka fitar da numfashi da ƙarfi. In ka ji iska a idanu, ƙarfen bai zauna ba. In ka ji ta a kumatu ko a haɓa, igiya ce ke son gyara. Mai tabarau na da ma'auni a fuskarsa: gilashi ya yi hazo sosai, sama na yoyo.

Aibinsa na farko igiyar 9205+ ce. Roba ce da aka maƙala da ƙarfen sitefila, tana jan gashi, kuma duk sa da cirewa na ƙara mata saki. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin matafiyi musulmi zai cire don alwala, ya cire don cin abinci, ya cire don shan ruwa. Shawarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar lokacin ƙarancin kaya a annobar korona ita ce kada a wuce sa da cirewa sau biyar ga takunkumi ɗaya in kamfanin bai faɗi wani adadi ba. Salloli biyar kaɗai sun cinye wannan lissafi a yini guda. Saboda haka mai doguwar tafiya ya nemi 9210+ in zai samu, in bai samu ba ya ɗauki takunkumi ɗaya a matsayin na yini ɗaya. Wajen cirewa kada ka kama gabansa, nan ne dattin ya taru. Ka ɗaga igiyar ƙasa ta bayan kai, sannan ta sama, ka sa shi a ambulan ɗin takarda, ka wanke hannu. Bayan alwala ka goge fuska ta bushe kafin ka mayar, domin soson hancin na shan ruwa. Sauke shi kan haɓa ko rataye shi a wuya, abin da ake gani a kowace tasha, yana miƙar da igiya kuma yana goga cikinsa a fatar da ƙura da yawun mutane suka sauka a kai.

Aibi na biyu zafi. A watan Maris da Afrilu, cikin mota mara sanyaya, gumi zai taru a cikinsa. In ya jiƙe numfashi na yin nauyi, gefensa kuma na santsi, sai a canza. Ba ya rage wa lafiyayyen mutum iskar da jini ke buƙata yadda ake yaɗawa, ma'aikatan asibiti na yini da shi, amma mai ciwon huhu ko ciwon zuciya mai tsanani ya tambayi likitansa kafin ya yi doguwar tafiya da shi. Sabo fil daga leda yana da ɗan warin roba, wasu ba sa so; buɗe shi ya sha iska na ɗan lokaci na rage shi. Zafi na shafar ajiya ma. Kamfanin ya ce a ajiye shi inda bai wuce digiri 30 ba kuma babu laima sosai, wa'adinsa kuma shekara biyar daga ranar ƙira. Kwalin da ya shekara a shagon kwano ko a gaban gilashin mota, robarsa ce ke fara mutuwa. Kafin ka biya, ka buɗe ɗaya ka ja igiyar. In ta tsattsage ko ba ta koma yadda take ba, ka bar kayan.

Sai maganar gemu, wadda masu sayarwa ba sa faɗa. Duk gashin da ya shiga tsakanin bakin takunkumin da fata hanya ce ta iska. Gashin baki da ɗan gemun da ya tsaya a cikin ƙoƙon ba su da matsala, amma cikakken gemu da saje na rage kariyar ƙwarai, kuma matse igiya ba ya magance hakan. Ba cewa muke kowa ya aske ba. Mai gemu ya san cewa kariyarsa ba ta kai ta abokin zamansa ba, ya rama da wasu abubuwan: kujerar taga, nisa da mai tari, rage zama a rufaffen wuri. Akwai dabarar da aka gwada a asibitocin Ingila da Ostareliya ga ma'aikatan da addininsu ya hana su aski, inda ake naɗe gemun da faffaɗar roba mai santsi daga haɓa a ɗaure a saman kai, sannan a ɗora takunkumin a kanta. Tana taimaka wa da yawa, amma sai an gwada a fuskar mutum. Duk da gemu, Aura ya fi shuɗin na asibiti, sai dai ba a kan lambar da ke jikin kwalin za ka dogara ba.

Ga mata, igiyar kai ta fi igiyar kunne dacewa da hijabi, domin tana iya hawa ta kansa ba sai an lalubi kunne ba. Abin lura shi ne bakin takunkumin ya taɓa fata ko'ina. Ki ja gefen hijabin baya kaɗan a kumatu da haɓa, ki zaunar da takunkumin, sannan ki mayar da hijabin ta samansa. Niƙabi ba ya tace komai da za a dogara da shi, takunkumin a ƙarƙashinsa ake sawa. Girman Aura ɗaya ne, kuma ya fi zama a matsakaiciyar fuska. Mai siririyar fuska ko ƙaramar haɓa kan samu ɓaraka a ƙasa, irin wannan gara ta nemi wani samfuri mai ƙaramin girma. Ba a yi shi don yara ba, kuma yaron da bai kai shekara biyu ba ba a sa masa kowane irin takunkumi.

Jabu ya yi yawa, kuma sunan 3M ne aka fi kwaikwaya. A farkon 2021 hukumomin Amurka sun ba da sanarwar kama miliyoyin takunkuman bogi masu ɗauke da sunan kamfanin, wasu har sun kai asibitoci. In hakan ta faru a can, kasuwar da kaya ke shigowa ta hannu biyar ba za ta tsira ba. N95 na gaske na ɗauke da rubutu a jikinsa, ba a kwali kaɗai ba: sunan kamfani, lambar samfuri, kalmar NIOSH (hukumar Amurka da ke tantance N95), da lambar amincewa mai farawa da TC-84A. Na Turai na ɗauke da alamar CE da lambobi huɗu a bayanta, da EN 149, da FFP2. A jikin 9320+ za ka ga NR D. NR na nufin na aikin yini ɗaya ne, D kuma ya ci gwajin toshewa da ƙura, abin da ke da amfani ga mai tafiya da hunturu. Alamomin bogi su ne igiyar kunne a kan abin da aka rubuta wa N95, kuskuren rubutu, rubutu mai dusashewa in an murza, soso siriri da ke ɓallewa, iƙirarin cewa na yara ne, da Aura a zube babu ledarsa. Lambar rukunin da ke jikin kwali ta dace da ta kayan ciki. Araha fiye da ƙima ita ma alama ce. KN95 bai kuɓuta ba: cikin waɗanda hukumar NIOSH ta gwada a 2020 da 2021, kusan kashi 60 cikin 100 ba su kai matakin da suka rubuta ba. Akwai nagari a cikinsu, masu rubutun GB2626-2019 da sunan kamfani a jiki, amma matsalar igiyar kunne na nan.

A kan hanya, ba ko'ina ne ke buƙatarsa ba, kuma sanin wannan na rage kashe kuɗi. Babur da adaidaita sahu a buɗe suke, iska na kwashe komai. Haɗarin na cikin bas mai mutum 18 da aka rufe tagoginta saboda ƙura ko sanyin asuba, da motar safa mai sanyaya da ke juya iska ɗaya dare guda, da taragon jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, da layin asibiti, da ɗakin jira. Ƙwayar ƙyanda na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai cutar ya fita, don haka ganin babu mai tari a kusa ba hujja ba ce. A ƙaramar mota ka roƙi direba ya kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, a buɗe taga ɗaya gaba ɗaya baya ko da faɗin yatsu uku ne. Abinci ka jira a tsaya ka ci a waje. A jirgin sama kuma, yawancin manyan jirage na da matatar HEPA mai tace ƙananan ƙwayoyi, kuma iskar na sabuntawa sau da yawa a awa muddin ana tafiya. Inda aka fi cakuɗuwa shi ne layin shiga, bas ɗin da ke kai mutane bakin jirgi, da lokacin da kowa ya miƙe yana jiran a buɗe ƙofa. Mutane kan yi akasin abin da ya dace, su sa a sama su cire da an sauka.

Maniyyata sun san tarin da ake dawowa da shi. Ɗakin masauki mai mutum huɗu ko fiye, tantunan Mina, motocin jigila da cunkoson ɗawafi su ne wuraren da Aura zai yi aiki. Hukuncin rufe fuska cikin harami malamai sun yi saɓani a kai, wannan a tambayi malamin tawaga tun kafin tashi. Cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012 na da alaƙa da raƙuma, kuma abin da ake ba da shawara a kanta shi ne nisantar raƙuma da ɗanyen nononsu. In wani ya fara tari a ɗaki, shi ya fi kowa buƙatar takunkumi, ko da shuɗi ne. A ƙulla igiyoyin shuɗin kusa da jikin takunkumin a cusa gefen ciki, ya fi matsewa.

Ba kowace annoba ce ke bin iska ba, kuma nan ne mai sayarwa zai iya yaudararka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 kuma yake tashi da rani, ɓera ne ke kawo shi ta fitsari da kashinsa a abinci, sannan ya bi jini da ruwan jikin mara lafiya. Rufe hatsi, daina shanya abinci a bakin titi da safar hannu ga mai jinya sun fi takunkumi muhimmanci a nan, kodayake yana da amfani wajen share rumbu ko ɗakin da ɓeraye suka ɓata, bayan an yayyafa ruwa mai bilic don ƙura ta kwanta. Ebola da ta shigo Legas a Yulin 2014 ta hanyar taɓa mara lafiya da ruwan jikinsa ta yaɗu. Zazzaɓin shawara sauro ne ke kawo shi, maganinsa rigakafi da gidan sauro. Ƙyanda ma rigakafi ne gaba da komai. Hannu kuma na nan da aikinsa: sabulu da ruwa, a cuɗa daƙiƙa 20 aƙalla, ko sanitaiza mai alkohol kashi 60 zuwa sama da lambar NAFDAC, a zuba abin da zai jiƙa hannu duka a murza har ya bushe. A hannu mai maiƙon suya ko ƙura sanitaiza ba ta aiki sosai, sai an wanke. Wanda zazzaɓi ya kama a hanya ko bayan dawowa daga inda ake annoba, a Najeriya lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka, NCDC, ita ce 6232.

Lissafin saye ba shi da wuya. Zuwa da dawowa Kano da Legas a mota, guda huɗu sun isa, biyu kowace tafiya saboda gumi. Umarar mako biyu, kwali ɗaya mai guda 20. Don zirga-zirgar gari, inda sawar ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba, ana iya juya guda biyar: kowanne da ambulan ɗinsa na takarda da aka rubuta wa rana, a sa na yau a ajiye shi sai bayan kwana biyar. Leda ba ta dace da wannan ajiya ba domin tana riƙe laima. Wanda ya jiƙe, ko ya yi datti, ko igiyarsa ta saki, ko aka sa shi wajen jinyar mai cutar, ba ya komawa ambulan. A tsinke igiyarsa a ɗaure shi a leda a jefar, don kada yara su tsinta ko wani ya sake sayar da shi.